Dabino a Gwangwanin Taba

Bab Makka, Jidda
Afrilu, 1984

Zuwa ga Yayata A'i,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam Bello da yara. Yaya ƙafar taki? Don Allah ki rage taurin kai ki je asibiti, shafa man shanu ba zai warkar da ita ba. Ki gaishe mini da mutanen Shinkafi kaf.

Ni dai alhamdu lillahi, ina nan gidan Baba Abdulghani, tsohon da nake yi wa aiki tun da na zo umra na ƙi komawa. Iyayensa Hausawa ne da suka zo hajji a ƙafa, a nan aka haife shi, ya yi aiki a tashar jiragen ruwa har ƙarfinsa ya ƙare. Mutumin kirki ne, ga barkwanci, Basakkwaciya yake kirana. Aibinsa ɗaya, shan taba a lofe. Tun da hannunsa ya fara rawa, ni nake cika masa.

Yaya, wannan taba ba irin wadda mahaifinmu yake nomawa ba ce. Daga ƙasar Turawa ake kawo ta a ɗan gwangwani mai faɗi, an danne ta ta haɗe, an yanka ta fale-fale kamar kilishi. In kin buɗe, ƙamshin busasshen inabi ne zai fara tarar ki, da ɗan tsami-tsami a bayansa. Sai na ɗauki falle ɗaya na murza a tafin hannu, na bar shi ya sha iska kaɗan, sannan na cusa a lofen, ba tam ba, ba kuma sakwa-sakwa ba. Ci take a hankali. Baba zai iya kaiwa daga la'asar zuwa kusan magariba da cikawa ɗaya, hayaƙin da sanyi, tokar fara fat. Ya ce farkonta zaƙi, tsakiyarta gardi, ƙarshenta ɗan yaji mai daɗi.

To, tun da ɗansa Othman ya karɓi sayo ta, tabar nan ta sauya. Gwangwanin dai shi ne, amma a buɗe yake kawo shi. Fallen ya yi haske, yana farfashewa kafin na murza, akwai wani kore-kore a ciki mai warin ganyen shayi. Tana kamawa sai ta ci bal-bal kamar ciyawa. Baba ya ce tana cizon harshe, ga bauri, ya tambaye ni ko hannuna ne ya lalace. Hannuna! Ni da na tashi a rumfar shanya taba? Abin da ya fi damuna, tsohon ya koma barci ba dare ba rana, ga tari, ga rama.

Allah ya yafe mini zato, amma Othman ya daɗe yana son a sayar da gidan nan a koma sabuwar unguwa, Baba yana cewa sai bayan ransa. Ki haɗa wannan da wancan ki gani. Ina jin tsoro, Yaya. Ba ni da iƙama, takardar zama ke nan, kuma kalma ɗaya Othman zai faɗa wa 'yan jawazat, masu kama marasa takarda, ki gan ni a Shinkafi da silifa. In kuma na yi shiru, ina kallo a ƙarasa tsohon da bai taɓa ɗaga mini murya ba.

Ki sa ni a addu'a, kada kuma ki karanta wa Malam Bello wannan, kin san bakinsa.

Taki har kullum,
Rabi'atu

Bab Makka, Jidda
Mayu, 1984

Yaya A'i,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarki da ta gida duka. Takardarki ta iso, na ji daɗin labarin haihuwar da aka yi, Allah ya raya. Shawararki ta na kama bakina na ji, na gode, amma ba ki ce na kama hannuna ba.

Ga abin da nake yi. Duk gwangwanin da Othman ya kawo, sai na zauna na tsince koren ganyen nan iya ƙoƙarina. Ragowar ta bushe ƙayau, sai na tuna yadda mahaifinmu yake sa tsumma mai laima cikin taba don ta yi taushi. Na sami dabino mai laushi, na ƙunsa a ɗan tsumma, na ɗaure da zare don kada ya manne, na tura ƙasan gwangwanin. Wallahi ta ɗan farfaɗo. Ta rage cizo, cinta ya lafa, har Baba ya ce yau ya jiyo ƙamshin da ya sani daga nesa. Don murna, da Zubaidatu mai sayar da turare ta leƙo, na tare ta a matakala na ce mata ai na yi wa tabar Baba magani, yanzu sai yadda na yi da ita. Fatsuma matar Othman ta wuce mu a lokacin, ko sannu ba ta ce ba.

Tun daga ranar gidan ya canza mini. Fatsuma ta daina cin abin da na dafa, ta hana 'ya'yanta karɓar ko ruwa daga hannuna. Na dawo daga kasuwa na tarar an birkice mini akwati, an zazzage har matashin kai. Kaset ɗin karatun Alƙur'ani kuwa, a ƙofar ɗakina take ajiye shi ta ƙure murya. Othman da yake ce mini Khala, wato inna, yanzu in mun haɗu sai ya kau da kai. Jiya da Hausarsa mai gutsure-gutsure ya tambaye ni ina fasfona yake.

Kin ga ai magana ta fito. Sun gane na gano su, shi ya sa suke neman hanyar kawar da ni. In ba rashin gaskiya ba, me ya kawo binciken akwatin 'yar aiki? Baba kuma barcin bai ragu ba, na rasa ta inda suke ba shi sauran. Na fara sa ido a kan shayin da Fatsuma take kai masa da kanta.

Na ɗaure 'yan kayana na kai gidan Zubaidatu a unguwar Hindawiyya, saboda ko ta kwana. In kika ji shiru ya yi yawa, ki nemi labarina wajenta.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Rabi'atu

Bab Makka, Jidda
Yuli, 1984

Yayata A'i,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kuna lafiya, ke da Malam da yara da jaririya. Ni jikina lafiya, zuciyata ce ba lafiya. Ki zauna kafin ki karanta.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan la'asar, aka kira ni ɗakin Baba. Na tarar da Othman da Fatsuma da wani malami mai ruƙiyya, ga kwanon ruwa a gabansa, ga ƙullina na dabino a kan faranti, ba wanda ya yarda ya taɓa shi da hannu. Ashe Fatsuma ta ji abin da na faɗa wa Zubaidatu. Ita a guntuwar Hausarta, magani in ba na asibiti ba ne to sammu ne. Ta yi ta nema har ta kai ga gwangwanin, ta ga baƙin ƙulli ɗaure da zare, ta ce ga layar da nake cinye tsohon da ita. Yaya, a ƙasar nan zargin sihiri ba korar mutum kawai yake jawowa ba, har fille kai yake iya jawowa. 

Malamin ya yi ta karatu yana tofi, ya sa wuƙa ya yanke zaren a kan ruwa. Sai ga dabino ya faɗo, ya yi baƙi, taba ta manne masa. Ya juya shi, ya shinshina, ya matse ƙwallon ya fito. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da a nan na tsaya, da an tashi lafiya.

Amma kin san ni in raina ya ɓaci. Tsoron da na sha ya koma wuta. Na buɗe baki na ce tunda bincike ake, a binciki mai kawo gwangwani a buɗe. Na kwance bakin zanena na zube koren ganyen da na tara a gaban malamin. Na ce a tambayi Othman me yake zuba wa ubansa, a tambayi Fatsuma me ke cikin shayi, a kuma tambaye su wa yake gaggawar sayar da gida. Duk a gaban Baba na faɗa, ban rage komai ba.

Baba ya daina dariya, ya dubi ɗansa, ya ce ya amsa. Othman ya yi ta roƙon a bar maganar sai su biyu, tsohon ya ƙi. Sai ƙaton mutumin nan ya durƙusa ya fashe da kuka. Wai tun kafin ya karɓi sayen tabar, likita ya ga ciwo a huhun Baba, irin wanda ba ya jin magani, ya ce abin da ya rage ba yawa, taba kuma tana ƙara masa gudu. Suka ɓoye masa don kada ya karaya. Ya san in ya ce a daina lofe sai an faɗi dalili, shi ne yake kai tabar wajen mai sayar da ganyayyaki, a cakuɗa da ganyen da ba ya cutarwa, a sake dannewa, ko ta gundure shi ya bari da kansa. Na cikin shayi kuwa maganin rage zafi ne da likita ya rubuta, shi yake sa barcin.

Wayyo Yaya, da ƙasa ta tsage da na shige. Abin da yaron nan ya yi wata da watanni yana tarewa, ni na fasa shi a kan tsohon da bakina.

Baba bai yi kuka ba. Ya sallami malamin da godiya. Ya ce ba wanda zai taɓa Basakkwaciya, ba jawazat ba kowa ba. Ya ce wa Othman ya yafe masa, amma tunda saura kaɗan, ba zai ƙarasa kwanansa yana shan ciyawa ba, a kawo masa tabarsa ta gaskiya. Washegari Othman ya kawo sabon gwangwani a rufe, ya damƙa mini da hannunsa, idonsa jawur, ya ce, ki yi haƙuri, Khala. Fatsuma ma ta dawo cin tuwona.

Na je Hindawiyya na kwaso kayana. Ba zan zo Babbar Sallah ba kamar yadda na so, zan zauna da shi har abin da Allah ya nufa. Kullum la'asar yana kirana, na murza, na cika, na kunna masa. Tana ci a hankali, ƙamshin ya cika ɗakin, yana zuƙa yana tari yana sa mini albarka. Lokacin da nake ganin ceton sa nake yi, gidan nan kaf sun ɗauke ni mai kisa. Yanzu da na san abin da kowace zuƙa take rage masa, da hannuna nake miƙa masa, kuma ba mai zargina.

Ki roƙa mini gafara, ki roƙa masa sauƙi. Ki shafa mini kan jaririya.

Taki,
Rabi'atu