Kada Ki Ce Mata "Yanzu"

Maman Lupe,

Motar filin jirgi ta zo da wuri, ban so in tashe ku ba.

Jiya na gaya wa Kerryn, malamar da ke koya wa Lupe magana, irin tsayuwar da yarinyar nan ke yi a bakin ƙofa duk sanda na koma wurin haƙar ma'adinai. Ta ce me muke faɗa mata? Na ce, "Baba yanzu zai dawo." Ta ce to ai ga dalili nan. Yara masu lalurar da ake kira otizim, irin Lupe, yadda aka faɗi magana haka suke ɗaukarta. An ce yanzu, yanzun take jira.

Don Allah idan ta tashi kada ki ce mata yanzu. Hotona na kan firji. Ki manna shi a kalanda, kan ranar da jirgina zai sauka, ki nuna mata.

Kerryn ta ce da zarar ta gane za ta daina tsayawa a ƙofa. Haka ya kamata, na sani. Amma ranar da ta daina, kada ki yi saurin gaya mini.

Tavita