Mijina Zai Kai Ƙarata Wurin Mai Laifin

Assalamu alaikum Admin da 'yan gidan nan baki ɗaya. A ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Lahadi, don wallahi raina a ɓace yake, ko rubutun nan da kyar nake yin sa saboda takaici.

Ni matar aure ce, shekarata talatin da huɗu, 'ya'yana uku, ina aiki a wata ma'aikata a nan Abuja. A Yangoji na tashi, can wajen Kwali. Babanmu, Allah ya jiƙansa, a Sheda yake aiki, da keke yake zuwa yake dawowa, mu kuwa ƙafa ce motarmu, makaranta a ƙafa, gona a ƙafa, rafi a ƙafa. Ina aji biyu a sakandare na makara wata rana, na sheƙo da gudu kar a rufe get, sai malamar wasanni, Madam Rifkatu, 'yar Filato, ta tare ni. Na miƙa hannu ina jiran bulala, ita kuwa ta ce wannan gudun da ta gani bai kamata ya ƙare a bakin get ba, gobe in same ta a fili. A gasar makaranta ta shekarar na zo ta ɗaya, aka ba ni bokitin roba da sabulu biyu. Tun daga nan gudu ya shiga raina, har ƙannena suke kira na Barewa.

To aure ya kawo ni cikin gari, na samu aiki, Barewa ta zauna. Ku da kuke Abuja kun san yadda abin yake. Daga gida mota, daga mota lifta, daga lifta kujera, sanyin ofis na busa ka har ƙarfe huɗu. In mitin ne a dire maka samosa da lemon kwalba, in gosulo ne ga mai cincin a tagar mota, ka dawo a gajiye ka ce a sayo shawarma kawai. Ba ni kaɗai ba, duk wanda aka ɗauka aiki siriri a ofishinmu, ka ba shi shekara biyu, sai ya huda wa bel sabon rami. Ni kuma ga jego uku a kai, kunun kanwa da gasasshen nama kamar ana kiwon ragon layya. Kuma ba mai ce maka ciwo kake tarawa, sai dai masha Allah, Abuja ta karɓe ki, miji ya iya kiwo.

Bara waccan na je asibiti da ciwon kai, likita ya ce jinina ya hau, suga kuma yana bakin ƙofa. Jikina ya mutu, saboda ciwon suga ne ya ci Baba, sai da aka yanke masa ƙafa kafin ya rasu, ni na yi jinyarsa, na san warin ciwon nan. Ranar Asabar ɗin da ta biyo baya na je bakin ruwan Jabi da sassafe. Zagaye ɗaya ban gama ba na zauna a gefen hanya ina haki, kuka ya zo min, ni da na taɓa cin bokiti a gasar gudu. Mijina, Abban Hanif, shi ya sayo min kambas, shi yake zama da yara in zan fita. Na samu wasu mata muke tafiya tare, har da wata ogata da ta kusa ritaya. Na bar lemo, na rage tuwo, na daina hawa lifta. A shekara ɗaya na sauke kilo goma sha ɗaya, likita ya ce in ci gaba a haka ba sai na fara magani ba. Ban taɓa jin daɗin jikina irin lokacin ba.

Sai muka je suna Yangoji. Jama'a, kamar gawa ce ta shigo gidan. Wannan ta ja ni gefe, ke lafiya kuwa? Waccan ta ce in faɗa mata gaskiya, ko mijin ne ba ya ajiye abinci. Wata har tana tambayar ƙanwata ko an yi min gwajin ciwon zamani. Na yi bayani har bakina ya bushe, na ce motsa jiki nake yi, suka dube ni kamar na ce ina tashi sama. Mahaifiyata, Umma, sai da za mu tafi ta ce na kunyata ta, wai 'yarta tana Abuja amma ta dawo kamar mai tallan itace.

Wata biyu da suka wuce Umma ta zo wurinmu saboda aikin ido, ta zauna. Kullum da safe kafin in fita sai ta dama min kunun gyaɗa da hannunta, ba suga, don ta san ba na sha. Ni har daɗi nake ji, na ce Umma ta sauko. Bayan sati biyu wata irin yunwa ta fara kama ni, irin wadda hannu ke rawa. In ci in ƙoshi, bayan awa ɗaya kamar ban ci ba. Fuskata ta cika ta yi zagaye, wuyana ya yi kauri, ƙishirwa ba dare ba rana. Na ɗauka ni ce na yi sake, na ƙara zagaye a Jabi, na dinga zagin kaina a zuci, ina cewa ke dai ba ki da zuciya. Umma kuwa sai murmushi, wai yanzu ne na fara kama da 'yarta.

Ran Talatar makon jiya jiri ya ɗebe ni a ofis, aka kai ni asibiti. Suga ya yi hawan da likita ya cire gilashinsa ya sake duba takardar. Ya dubi fuskata ya ce wane maganin ƙiba nake sha. Na ce ni? Ni da nake kashe kaina in rage? Ya ce shi dai ya ga irin wannan fuskar ba sau ɗaya ba, in je in yi tunani. Abban Hanif da ya same ni a asibitin yana zaune yana ji.

Washegari yana neman ashana a kicin, ya ja bokitin gero, sai ga katunan magani a baya, guda shida, biyar babu ko ƙwaya. Ƙananan ƙwayoyin nan ne da mata ke kira sha-ka-fashe. Ya same ni a ɗaki ya watsa min su a kan gado. Mutumin da shekara goma sha ɗaya bai taɓa ɗaga min murya ba, ranar ya ce min munafuka. Ya ce shi yana wankan yara yana dama musu koko don in je gudu, ashe ni ina bayan fage ina haɗiyar guba don 'yan ƙauyenmu su yaba. Ya ce in mutuwa nake so in bari yara su girma tukuna. Na rantse masa, ya ce to aljani ne ya sha? Ya ɗauki mukulli ya fita.

Yana fita na gane. Ba mai taɓa bokitin geron nan sai mutum ɗaya. Na shiga ɗakin Umma da katunan a hannuna, ko musu ba ta yi ba. Ta ce eh, Gwaggo Lami, ƙanwar Baba, ita ta sayo mata a wurin mai magani a baro ranar kasuwa, ƙwaya biyu take dakawa ta zuba a kunun. Ta ce bikin autarmu saura wata ɗaya, dangin ango za su zo daga Zariya, ba za ta tsaya tana kallo ana nuna babbar 'yarta da baki ba. Na ce Umma suga fa, kin manta ƙafar Baba? Ta ce Baba kwanansa ne ya ƙare, kuma rabin matan garinmu suna sha ba wadda ta mutu, ai ga shi na yi kyau. Wallahi da ba ita ta haife ni ba, ban san abin da zai fito daga bakina ba. Na fita na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kuka mai isata.

Na koma wurin likita ni kaɗai na nuna masa katin. Abin da ya ƙara ƙona min rai, wai maganin nan ba a daina shi farat ɗaya in an daɗe ana sha, sai an bi a hankali ana ragewa. Wato yanzu ni da hannuna nake ɓallo abin nan in haɗiya kowace safiya, ga maganin suga da na yi shekara ina gudun sa an ɗora ni a kai. Abban Hanif ya gan ni da ƙwayar a hannu shekaranjiya, ya girgiza kai kawai. Na ce masa likita ne ya ce in sha, shi kuwa ya ce ai dole, tunda na saba wa jikina.

Ina jin haushin Umma, ina jin haushin Gwaggo Lami, ina jin haushin duk matar da ta ja ni gefe a wurin sunan nan. Ina jin haushin mai baron da yake sayar wa tsofaffi wannan abu kamar alewa. Har Abban Hanif ina jin haushinsa, da ya yarda zan iya yi masa haka. Amma shi ba shi da laifi, abin da ya gani ya gani.

Ga inda nake neman ku. Abban Hanif mutum ne mai girmama Umma, har ƙasa yake tsugunawa ya gaishe ta, tun da mahaifiyarsa ta rasu ya mayar da ita uwa. Jiya ya ce min shi ya gaji, tunda ba na jin maganarsa kuma na ƙi faɗin gaskiya, ranar Lahadi zai zaunar da ni a gaban Umma ya kai mata ƙarata, ita ta yi min faɗa. Na je na faɗa wa Umma, ina zaton za ta ce a kira shi ta yi bayani. Sai ta kama hannuna, a karon farko na ga tsoro a idonta. Ta ce in na bari surukinta ya san ita ce, ba za ta sake iya haɗa ido da shi ba, ba za ta sake taka gidan nan ba har ta mutu, ba don fushi ba, don kunya. Ta ce abu mai sauƙi ne, in sunkuyar da kai, ita ta yi min faɗa sama-sama a gabansa, in ce na tuba, magana ta wuce.

To 'yan uwa, in na yi shiru, mijina zai ci gaba da kallona a matsayin maƙaryaciyar da ta sha guba a ɓoye, kuma na san ko ya ce ya yafe ba zai manta ba. In na yi magana, na tozarta mahaifiyata a gaban surukinta, wata ɗaya kafin bikin 'yarta. Na yi tunanin in faɗa masa a ɓoye in roƙe shi ya yi kamar bai sani ba, amma na san halinsa, fuskarsa ba ta iya riƙe magana, kuma in ya ji an kusa kashe masa uwar 'ya'ya ban san me zai yi ba.

Don Allah masu hankali ku faɗa min, ban da zagi, uwata ce. Yau Juma'a. Jibi in tsuguna a gaban matar da ta zuba min abin nan, in ce mata Umma na tuba?