Jinjinar Babana da Kuka Mayar Barazana

Zuwa ga Editan jaridar nan mai cin abinci da tsegumin gidan sarauta,

Ranka ya daɗe. Ina gaishe ka, kuma wallahi ba don tarbiyyar gidanmu ba, da ko gaisuwar ba za ka samu ba.

Ni ce 'yar dattijon nan mai farin gemu da kuka buga a shafin farko, ya ɗaga dunƙulallen hannu gaban Yarima mai jiran gado ranar da ya kawo ziyara unguwarmu, Lewisham, a nan ƙasar Turawa. Kuka rubuta wai har baƙi mazauna ƙasar nan sun fusata, ba sa so ya gaji sarauta. Ƙarya kuke yi, tsagwaronta!

Na farko, abin da Baba ya yi sunansa jinjina. Haka talaka yake gaida basarake a wajenmu: ya dunƙule hannun dama, ya ɗaga, ya yi masa fatan tsawon rai. Ranar, babbar riga ya sa na goge masa, ya je ya tsaya cikin ruwan sama da ciwon gwiwarsa. Na roƙe shi ya zauna a gida mu kalla a talabijin, ya ce wanda ya yi rantsuwar biyayya ranar zama ɗan ƙasa ba ya gaida ɗan sarki daga kan kujera. Mai hotonku yana tsaye kafaɗa da kafaɗa da shi. Bakinsa ciwo yake, da ba zai tambaya ba?

Na biyu, ga abin da hotonku ya haifa. Wasu samari suka gane Baba a tashar bas, yana dawowa daga sallar Juma'a a masallacin Regent's Park. Suka fizge hularsa, suka kayar da shi, ɗaya ya danne hannun a ƙasa ya yi ta taka shi da takalmi har ƙashi ya ɓullo. Ni na wanke jinin daga gemunsa.

Na uku, wa ya naɗa ku masu zaɓen sarki? A garinmu na asali an san masu zaɓen sarki, an san gidajensu, in sun yi ɓarna an san ƙofar da za a buga. Ku kuwa kuna ofis, yau ku ɗaga wannan ɗan sarki, gobe ku tattake wancan, don dai jarida ta sayu. Sarautar ƙasar nan ba ta da takobi, majalisa ke mulki. Abin da ya rage mata girmamawar mutane irin Baba ne, ita kuke karyawa.

Ina neman ku sake buga hoton nan a shafin farko, ku faɗi ma'anar jinjina, ku ba shi haƙuri da sunansa, Malam Garba. Kada ku ɓoye shi can bayan shafin wasanni.

Likita ya ce yatsun ba za su sake haɗuwa ba. Jiya aka nuno Yarima a talabijin, na ga Baba ya miƙe ya ɗaga hannun, yatsun suka ƙi dunƙulewa. Ya dube su, ya mayar cikin riga, ya zauna.

Allah ya shirye ka, ya ja kwananka, kada ya nuna maka tsufa a ƙasar da ake karya mutum don ya yi gaisuwa.

Wassalam,
Hadiza, 'yar Malam Garba, Lewisham