Allurar da Baba Ya Sayo

Tungan Magajiya

Ɗana Irmiya,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya a Kontagora. Silas maƙwabcina ke rubuta mini, na ce kada ya gyara ko kalma ɗaya.

Na ji kana kai kanka asibiti ana ɗibar jininka, wai bincike. Binciken me? Shekara huɗu da aure ba haihuwa, kowa ya san inda matsalar take. Shi ya sa na kori matarka Naomi gidan ubanta, ban kuma yi nadama ba. Tun shekararku ta farko nake sayo maka allurar ƙarfin maza a kemis, har akuyata ta tafi a kai, ban taɓa jin na gode ba.

Ubanka, Maikano

Kontagora

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Maganar tana da nauyi, ka yi haƙuri.

Likitocin suna bincike ne kan sinadarin maza, testosteron, wanda ke cikin allurar nan. Sun ce in ana zuba wa jiki shi daga waje, sai jiki ya daina yin nasa, iri ya tsaya. Sun auna ni, ba su sami iri a jikina ba ko kaɗan. Naomi kuwa an auna ta tun kafin ta tafi, lafiyarta lau. Na daina allurar. Sun ce wataƙila ya dawo cikin shekara, amma ba su yi mini alkawari ba.

Ɗanka, Irmiya

Irmiya,

Na gaishe ka. Wato ni na hana kaina jika ke nan? Ka tambayi likitan ko taki ya taɓa hana gero tsiro. Silas wai in ya yi yawa yana ƙona shuka. Na ce masa rubutu na sa shi, ba shawara ba.

Kwana uku tuwo ba ya wuce mini. Tsufa ne.

Maikano

Baba,

Barka da aiki. Na je Sahon Rami wurin Naomi. Ta rame. Ta ce ba ta riƙe ni da komai ba, amma a ƙofar coci ka kira ta juya, gaban mata. Bakin da ya kore ta, in ji ta, shi zai kira ta. Ban san ko za ta dawo ba ko da ka kira.

Ka huta lafiya. Irmiya

'Yata Naomi,

Ina gaishe ki, ki gaida mahaifinki.

Sauran kwalaben allurar na zuba su a masai. Ran Lahadi zan tsaya daidai inda na tsaya, in faɗi abin da likita ya faɗa. Ko ba ki zo ba zan faɗa.

Silas ya ce in sa ki yafe mini. Na ce ya ajiye biro, wannan ba a aika shi a takarda.

Surukinki, Maikano