Injin da Ba Mu Tayar Ba

Longsight, ranar Lahadi

Zuwa ga aminina, marigayi Malam Isa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina sanar da kai yau na tashi da sauƙi-sauƙi. Ƙirjin ya lafa, amma hannuwan suna nan da rawarsu. Likita ya ce in daina zama cikin sanyin ƙasar Turawan nan, kai kuwa ka san garejinmu.

Isa, na gama haɗa injin. Wannan mai silinda takwas na tsohuwar motar Amurka, wanda muka ɗauko daga garin Salford tsatsa ta ci rabinsa, ka ce komai lalacewar giwa ta fi kwando goma. Fistin ɗin da ka jera a kan jarida kafin a kwantar da kai asibiti, haka na same su. Na sa musu ringi, na ɗaure kusoshin kan injin daga tsakiya zuwa gefe, yadda kake so. Aikin da muke yi a mako ya ci mini hunturu guda.

Amma ban tayar da shi ba. Kai ka kafa dokar: sabon haɗi, mutum ɗaya ba ya tayar da shi. Ni ina kan makulli da totur, kai ka dafa dogon sukundireba a jikin injin, ƙotar a kunnenka, idonka rufe. Da ka ɗaga hannu, sai in kashe. Kakan ce, "Bakano, rage gaggawa, ba kasuwa muke ba. Inji magana yake yi." Ni kuma in tambaye ka tun yaushe Bazazzagi ya koyi sauraro.

Yanzu kunnena ya yi nauyi. Ko wani abu na ƙwanƙwasa a ciki ba zan ji ba, sai dai in ga aikinka na ƙarshe ya fashe a hannuna.

Ga shi mai garejin ya sayar da wurin, ƙarshen wata zai karɓi makullinsa. Injin da ba a ji kukansa ba kuwa, 'yan gwangwan ne kawai ke sonsa, su ɗora shi a sikeli.

Shi ya sa na kira 'yarka Hadiza da ke can unguwar Perry Barr, don ita ta gaji kunnenka. Da Hausarta mai gauraye da Turanci ta ce mini in ta samu sarari a wurin aiki, yau tana tafe. Na caja batir, na zuba baƙin mai, na goge sukundirebanka.

Allah Ya jiƙanka, ɗan'uwana, Ya haskaka makwancinka, Ya sada mu da alheri idan tawa ta zo.

Naka har kullum,
Garba

Ƙarin bayani: an kira magariba, Hadiza ba ta zo ba. Na taɓa makullin, na janye hannuna. Na mayar wa injin bargon da nake rufe shi da shi.