Fitilar Baba Mai Siffar Kifi

Daren Laraba, Haɗeja

Yau na kai wa Malam Bukar maƙeri fitilar da na gada daga Baba, ya goge ta in sayar. Har na shirya ƙaryar cewa daga Makka ta zo.

Yana ganinta ya ajiye guduma. "Ɗana, wannan ta Habu ce, ƙanin babanka. A goshin kwalekwalensa yake rataye ta in ya fita su a Baturiya. Ita kaɗai ruwa ya dawo da ita."

Baba bai taɓa ce min yana da ƙani ba. Amma duk damina yakan kunna fitilar a taga, muna masa dariya.

Ga ruwa yana sauka, barci ya ƙi zuwa. Na tashi na zuba mata kananzir.