Ƙarshen Fim ɗin Salih

Unguwar Hajj Yusuf, Khartum, Talata 20 ga Fabrairu, 2024, ƙarfe goma da kwata na safe.

Zuwa ga Kawu Dauda, a Umdurman.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da maƙwabta. Yau kwana goma sha shida ke nan da layin waya ya ɗauke a nan. Shi ya sa na ba Sule mai motar albasa wannan takarda. Ya ce tunda yaƙi ya sa an rufe gadoji sai ya zagaya ta Shandi, kuma tafiyar takan ci kwana tara ko goma.

Mahaifiyarka Iya tana nan, amma ƙafafunta sun kumbura tun farkon wata, kuma maganin hawan jininta saura ƙwaya ashirin da biyu. Kullum bayan la'asar takan tambaye ni ko Yaya Salih ya aiko da saƙo daga Masar.

Kawu, jiya da misalin ƙarfe huɗu na buɗe akwatin ƙarfen Iya ina neman takardun jami'ata. A ƙarƙashin darduma na ga fasfon Yaya Salih. Sabon ne, wanda ya karɓa a Janairun bara. Babu hatimi ko ɗaya a ciki.

Ran 25 ga Mayu ka ce mana a waya ya bi hanyar Halfa zuwa Masar. A Yuli ka ce yana Aswan, an sace masa waya. A Oktoba ka ce yana Alƙahira yana aiki a gidan buga hotuna. Na rubuta kowanne a ranar da ka faɗa. Wata tara ke nan babu wanda ya ji muryarsa sai kai.

Ba na tuhumarka, Allah ya kiyaye. Mai yiwuwa akwai hanyar shiga da ban sani ba. Amma rabona da shi tun kwana biyu bayan an nuna fim ɗinsa, kuma ba rabuwar arziki muka yi ba. Ka taimake ni da amsa. Ban nuna wa Iya fasfon ba.

Ka huta lafiya.
'Yar ƙanwarka, Mawahib.

*

Umdurman, 4 ga Ramadan.

Ustaza Mawahib, mai awon ƙasa da igiya,

Wa alaikumus salam, barka da shan ruwa. Takardarki ta iso tana warin albasa, na karanta ina hawaye, ki ɗora wa Sule laifi. Ki gaishe mini da Iya, ki ce ɗanta yana nan, ya rame amma bakinsa bai rame ba.

Ba za ki yarda ba, kawunki ya koma sana'arsa ta nuna fim. Shekara talatin bayan an kulle sinimarmu ta zama ma'ajiyar siminti! Akwai makarantar da aka sauke 'yan gudun hijira a bayanmu. Wani malami yana da ƙaramar na'ura kamar bulo, muna haɗa ta da batirin mota, mu rataya zanen gado tsakanin bishiyoyi biyu. Bayan buɗa-baki sai kowa ya jawo tabarma.

Amma finafinan yanzu, ya salam! An kawo mana sababbi uku. Na Masar, duhu ne daga farko har ƙarshe, sai na ɗauka batir ne ya mutu. Na Indiya, jarumin ya kashe mutum ɗari bai rera waƙa ko ɗaya ba. To me ya kawo shi? Na ukun na Turawa ne, gari yana rushewa, jirage suna ɓarin wuta. Minti goma wata tsohuwa ta miƙe ta ce, "Ya Hajj, wannan ai mun gani kyauta, kuma namu ya fi ƙara." Aka yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Na kashe. Yanzu tsofaffin na ban dariya kawai nake sakawa.

Ina tuna lokacin da nake dawowa daga aiki, Iya ta zaunar da ni a bakin angarib ɗinta, gadon nan na igiya, ta ce, "To, ba ni." Ƙafarta ba ta taɓa taka sinima ba, wai ba wurin 'yar malamai ba ne, amma babu fim ɗin da ban ba ta da Hausa ba, har da kukan doki. Ita ce ke yanke hukunci a ƙarshe. Ta taɓa cewa a sake wani fim don matar ba ta cancanci mutuwa ba.

Zancen fasfo kuwa, ke dai kin cika bincike. Mutane suna shiga ta sahara. Ki kula da Iya. Na sa ƙwaya talatin a cikin ambulan, ki ƙirga, na san za ki ƙirga.

Kawunki, Dauda.

*

Hajj Yusuf, Talata 2 ga Afrilu, 2024, ƙarfe tara na safe.

Kawu,

Assalamu alaikum, barka da ibada. Ƙwayoyin talatin ne daidai, Allah ya saka. Na karanta wa Iya labarin tsohuwar nan, ta yi dariya har ta yi tari.

Takardarka shafi biyu ce. Layi biyu ne a kan Yaya Salih, kuma ba ka rubuta sunansa ba.

Bari in faɗa maka abin da ba ka gani ba. Ran Juma'a 10 ga Maris ɗin bara kana gefena a ɗakin kallon cibiyar matasan nan ta Khartum. Kujeru tamanin, mutane sun fi ɗari. Ka ga fim ɗin, minti ashirin da shida, tafiyar Nana Khadija mahaifiyar Iya daga Haɗejia da ƙafa da niyyar hajji. Kai ka wuce Umdurman, mu muka dawo gida.

Washegari bayan la'asar Iya ta ce, "To, ba ni." Yaya ya ce ni zan bayar, don kada ya yabi kansa. Ka fi ni sanin dokar: mai bayarwa ba ya sa bakinsa, sai ya kai ƙarshe, sannan Iya ta yi hukunci. Ni kuwa na zo da takarda. Tun a ɗakin kallo nake rubutu a cikin duhu. Wata guda da gama karatuna, ina jin babu wanda ya kai ni sanin hanya da nisa.

Na fara ba ta, ina tsayawa ina gyara. Na ce ya sa raƙuma alhali jakuna ne. Na ce mutanen suna tafiya gabas da safe amma rana tana bayansu. Yaya yana dariya yana cewa, "Ustaza, raƙumin aro ne, jaki ya fi tsada." Har na zo ƙarshe. Maimakon in ba ta yadda ya nuna, sai na ce, "Iya, a nan ya yi ƙarya. Ya kai Nana Makka."

Iya ta ajiye kofin shayinta. Ta ce, "Uwata tana kwance a Mai Wurno ta ƙasar nan, ko teku ba ta gani ba. Wa ya ba ka izinin tashin ta daga inda Allah ya kwantar da ita?"

Ni Yaya ya kalla ya ce, "Ko ki bari ta ji shi tukuna." Ya karɓi takardar daga hannuna, ya ninke, ya sa a aljihu. Da safe ya tafi wurinka. Bayan sati biyar aka fara harbi.

Kawu, kullum Iya ta tambaya ina ce mata yana Masar, kuma yanzu na san ban san haka ba. Ba na iya cin abinci bayan na faɗa. Don girman Allah ka gaya mini ranar, da lokacin, da inda ya nufa. Ko me ne ne, na fi iya ɗaukarsa a kan wannan.

'Yarka, Mawahib.

*

Umdurman, bayan Salla da kwana goma.

Mawahib 'yata,

Wa alaikumus salam. Na fara takardar nan sau uku.

Salih bai je Masar ba. Ban san inda yake ba.

Kin ce in ba ki rana. Talata 23 ga Mayu, washegarin da aka ce an tsagaita wuta na mako guda. Ya fita bayan mun sha shayi, wajen ƙarfe bakwai. Farar riga, jaka baƙa babu komai a ciki. Wani mai raksha, keken nan mai ƙafa uku, da na sani ya kai shi kusa da bakin gada, ya ga ya nufi shingen masu bindiga da ƙafa, sai ya juyo. Iyakar abin da na samu ke nan. Na je asibitoci biyu da ke aiki a lokacin. Na bi masu binne gawawwakin da ba a san su ba, suna da littafi, na duba. Na tambayi duk wanda aka sako daga tsare. Babu.

Fim ɗin ya tafi ɗaukowa. Kwamfutarsa da komai suna can cibiyar, a ɗakin da suke haɗa aiki, babu kwafi a ko'ina. Takardarki tana wurinsa, gaskiya ne. Yakan shimfiɗa ta a kan tabarma ya ce, "Yarinyar nan ta fi ni gaskiya a biyar, na fi ta a ɗaya." Daga baya ya ce ko ɗayan ma ya bar miki. Zai yanke Makka, ya tsayar da fim ɗin a Mai Wurno, ya kawo wa Iya ta gani a tsakar gida. Ba fushi yake da ke ba. Wallahi da dariya yake faɗa.

Amma kada ki ɗauki kayan nan ke kaɗai, rabina ya fi naki nauyi. A sana'armu akwai doka: mai nuna fim ba ya tafiya gida ya bar fim a ɗakin na'ura. Ko gobara ce, gwangwanin fim ɗin kake fara runguma. Da wannan na yi ta tsokanarsa sati biyar. Ina ce masa, "Kai ne mai sinima? Ka bar ɗanka a hayin kogi kana nan kana shan shayina?" Wasa nake, irin na tsoho da ya rasa abin yi. Ranar da ya ɗauki jaka na ce masa, "Kai, zauna, zolaya ce." Ya ce, "Kawu, kai ka koya mini." Na tsaya a bakin ƙofa. Ban riƙe rigarsa ba.

Da Iya ta kira bayan kwana biyu, na buɗe baki sai Masar ta fito. Daga nan kuma kullum sai na ƙara mata wani gari.

Ba ki taɓa tambayata ra'ayina a kan fim ɗin ba. Sautin ba shi da kyau, tsakiyar ta yi tsawo. Amma inda matar ta sauke ƙullin kayanta ta ɗaga hannu, na juya na dubi mutane, don mu masu na'ura fuskoki muke kallo. Babu mai motsi. Shekara ashirin da biyu ina aiki, sau uku na ga haka.

Abin da za a gaya wa Iya, na bar miki. Ni na kasa. Ki yafe mini.

Dauda.

*

Hajj Yusuf, Alhamis 9 ga Mayu, 2024, ƙarfe shida da rabi na safe.

Kawu,

Assalamu alaikum. Sule zai tashi ƙarfe bakwai, don haka zan taƙaita. Babu abin yafewa tsakaninmu, ko kuma akwai, ta ɓangare biyu.

Jiya bayan la'asar na gaya wa Iya. Na faɗi ranar, da rigar, da gadar, da abin da ya tafi yi. Ta daɗe tana jan carbi. Ta ce, "Dauda tun yana yaro in ya cika surutu to akwai abin da ya fasa. Na sani tun Aswan. Ku nake jira."

Sai ta gyara zama ta ce, "To, ba ni. Daga farko. Kuma ki rufe mini bakinki."

Na ba ta. Da raƙuman, da ranar a bayansu. Na kai su Mai Wurno, na wuce da su. Na sa su a jirgin ruwa. Na ce Nana ta sauke kayanta a ƙofar Harami, ƙafafunta duk faso, ta ɗaga hannu. Iya ta ce, "Ta gani?" Na ce ta gani. Ta rufe fuska da mayafi. Da ta buɗe ta ce, "Shekara goma sha ɗaya tana tafiya, babu wanda ya ƙarasa da ita sai yaron nan. Ku ce masa kada ya taɓa ƙarshen."

Ga abin da har yanzu ban sani ba. Ina roƙon ka ci gaba da tambaya ta wajenka, ni ma ta nan.

Ko ya haye gadar.
Ko ginin cibiyar yana tsaye, kuma ko akwai wanda ya shiga bayansa.
Sunan mai rakshar, da ko zai yarda ya sake ba da labarin a hankali.
Ko cikin mutum ɗarin nan akwai wanda ya ɗauki wani yanki a wayarsa.
Kwana nawa ƙafafun Iya za su ba mu.
Wanda zan ba saƙonta ya kai masa.

Allah ya sada mu da alheri.
Mawahib.